A daina yi wa gem kuɗin goro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili a shafin wasiƙu in yi magana kan abin da wasu za su ce bai kai a kawo shi jarida ba, wato wasan bidiyo, wanda yaranmu ke kira gem. Duk inda maganar ta taso, a rediyo ne ko a majalisa ko a taron iyayen yara, hukuncin ɗaya ne: gem ɓata lokaci ne, yana hana karatu, yana sa yaro gaggawa da zafin kai. Akwai gaskiya a ciki. Ni ma ina wucewa ta shagunan da samari ke cikawa tun hantsi har bayan isha'i a Mabera da Gawon Nama, ina kuma ganin yadda wasu ke zarcewa daga ƙwallon talabijin zuwa caca. Amma akwai wani nau'in gem da ake zalunta a wannan hukunci, wanda na shafe fiye da rabin rayuwata ina yi, kuma ban ji kunyar miƙa shi ga 'ya'yana ba.

Ina nufin wasannin nan na da, da ake kira RPG, musamman na karɓa-karɓa. Ana ba ka jarumi da 'yan rakiyarsa, ku fita daga wani ƙauye da takobin katako da 'yan kuɗi kaɗan, ku bi gari gari kuna tambayar mutane labari, kuna sayen makami da magani, kuna ƙaruwa da ƙarfi sannu a hankali. Idan faɗa ya zo, komai sai ya tsaya. Allo ya nuna maka zaɓi: ka kai sara, ka kare kanka, ka sha magani, ko ka gudu. Kai ka yi naka, abokin gaba ya yi nasa, sannan a dawo kanka. Ba wanda zai taɓa ka sai ka yanke shawara, ko da za ka yi awa ɗaya kana tunani.

Na san dalilin da ya sa yawancin mutanenmu ba su san irinsa ba. Mu gem ya zo mana ta shago, shi kuwa mai shago da wasa yake lissafin kuɗinsa. Ƙwallo minti goma ce, Mortal Kombat bai ma kai haka ba, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ga na bayansa. Wasan da ke buƙatar awa arba'in ko sittin, da memorin da za a riƙa ajiye inda aka tsaya, ba zai biya kuɗin man janareto ba. Don haka abin da iyaye suka gani ta ƙofar shago, ihu da musu da rige-rige, shi suka ɗauka shi ne gem baki ɗaya. Ni ma da ban sami wani ɗan kawuna da ya dawo daga karatu a kudu da PlayStation 2 da jakar faya-fayai ba, da iyakar sanina ke nan.

Wanda ya taso a Sakkwato ba ya buƙatar dogon bayani kan daɗin wannan wasa, domin ya ga dattawa suna dara a gindin dogon-yaro. Kowa da 'ya'yansa 12, kowa na neman ya jera uku ya ci na abokinsa. Za ka ga mutum ya ɗaga hannu ya mayar, ya yi shiru yana kallon ramuka, 'yan kallo sun matsu amma shi ko a jikinsa, saboda yana lissafin abin da zai faru bayan motsi uku. Ba wanda ya taɓa cewa dara na sa zafin kai. To, abin da ke riƙe dattijo a bakin dara, shi ke riƙe ni a gaban waɗannan wasanni.

Bari in ba da misali da Final Fantasy X, wanda kamfanin Square na Japan ya fitar a 2001. A gefen dama na allo akwai jerin da ke nuna wanda zai yi motsi yanzu, da wanda ke biye, har zuwa can gaba. Kana da mutum bakwai amma uku ne kawai ke fili, sai dai kana iya sauya ɗaya da wani a tsakiyar faɗa. Tsuntsun da ke shawagi mai takobi ba ya samunsa da sauƙi, sai mai jifa. Dabba mai sulke sai mai babban takobi. Halittar wuta kuwa ƙanƙara ce maganinta, ta ruwa kuma tsawa. Yanzu ka ɗauka bos, wato babban abokin gaba mai wuyar kayarwa, ya rage kaɗan ya faɗi, amma jinin mai warkar da ku ya kusa ƙarewa, jerin nan kuma ya nuna bos zai yi motsi sau biyu a jere bayan naka. Ka kai masa sara da fatan ya mutu? In bai mutu ba, ya kashe mai maganinku, tafiyar awa ɗaya ta tashi a banza. Ka tsaya ka yi magani? To ka ba shi numfashi. Ko ka ƙara wa ɗaya daga cikinku sauri, jerin ya sauya a gaban idonka, ka samu motsi ɗaya kafin nasa? Duk abin da kake buƙatar sani yana gabanka, ba a ɓoye maka komai ba. In ka faɗi, ka san shawararka ce ta kayar da kai, kuma ka san abin da za ka gyara. Wannan gaskiyar da wasan ke yi maka ita ce na fi so a cikinsa.

Dragon Quest III na 1988 ya fi haka zurfi ta wani gefen. Kai za ka zaɓi abokan tafiya uku da sana'ar kowa, mayaƙi ko ɗan kasuwa ko mai warkarwa. Idan ɗayansu ya kai mataki na 20 kana iya sauya masa sana'a, amma zai koma mataki na 1, ƙarfinsa ya ragu da rabi, sai dai bai manta abin da ya koya ba. Wato ka yarda da rauni yau saboda ribar da za ta zo bayan awanni masu yawa. In kuma aka kashe ku duka, za a mayar da ku gari a zabtare rabin kuɗin da ke aljihunku, don haka mai hankali yakan kai kuɗinsa ajiya kafin ya shiga kogo. Ina so a nuna mini yaron da ya yi wata biyu yana irin wannan lissafi sannan a ce gaggawa ya koya.

Abin yana da tarihi. Tushensa wasan tebur ne na Dungeons & Dragons da aka fitar a Amurka a 1974, inda ake zama da takarda da fensir da ɗan lido, kowa ya jira layinsa. Daga nan aka mayar da shi kwamfuta a wasanni irin su Wizardry da Ultima a 1981. Wani ɗan Japan, Yuji Horii, ya ga waɗannan ya sauƙaƙa su yadda yaro zai iya, ya fitar da Dragon Quest a 1986, marigayi Akira Toriyama ya zana masa dodanni. Duk wasan kilobayit 64 ne, bai kai nauyin hoto ɗaya da muke turawa a WhatsApp ba. Na'urar lokacin ba ta da ƙarfin nuna abin burgewa, sai masu ƙirƙira suka zuba ƙoƙarinsu a dokokin wasa da labari. Shi ya sa har yau suke da daɗi bayan hotunansu sun tsufa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu nan gida. Yaron da ke Free Fire ko PUBG ba shi da ikon tsayar da wasa, domin da mutane yake yi ta intanet. In an kira salla ko mahaifiyarsa ta aike shi, sai ka ji "ina zuwa", kuma daga nan rigimar gida ke farawa. Wasan karɓa-karɓa kuwa, ladan na cewa Allahu Akbar sai ka ajiye waya, ka je ka dawo, ka tarar da dodon yana nan inda ka bar shi. A gidana wannan ce doka, kuma ba ta taɓa jawo kuka ba, saboda ba abin da yaro ke asara in ya tashi. Akasarinsu ba sa cin data bayan an sauke su, ba sa neman waya mai tsada, ba sa kuma damun ka da sayen riga ko bindiga kowane mako.

Sai karatu. Waɗannan wasanni rubutu ne jingim. Wani tsoho a ƙauye zai ce maka mabuɗin yana hasumiyar da ke yammacin gada, in ba ka fahimci maganarsa ba za ka kwana kana yawo. Da ƙamus a gefena na yi su, kuma Turancin da nake rubuta wasiƙun aiki da shi yau, kaso mai yawa daga nan ya fito. 'Yata ta fari tana aji ɗaya a ƙaramar sakandare, tana yin Pokémon, wanda ya fara fitowa a 1996 da halittu 151. Ta ware littafi guda ta ja layuka da rula: ruwa na cin wuta, wuta na cin ciyawa, ciyawa na cin ruwa, lantarki ba ya yi wa na ƙasa komai. Rannan na miƙa hannu zan danna mata, ta ce, "Baba, dakata, ban gama lissafi ba." Ba ni na sa ta buɗe wannan littafi ba.

Ba zan ɓoye abin da ke buƙatar kulawa ba, domin mu Musulmi ne kuma tarbiyya amana ce. A cikin da yawansu akwai sihiri da gumakan ƙage, akwai kiɗa, wasu akwai shigar da ba ta dace ba. Uba ya fara gani da idonsa kafin ya miƙa, ya kuma zauna ya bayyana wa yaro cewa wannan tatsuniya ce irin ta Gizo da Dodo, ba aƙida ba. Baldur's Gate 3, wanda wani kamfanin Beljiyam mai suna Larian ya fitar a 2023 har ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara, karɓa-karɓa ne mai zurfin gaske, amma na manya ne, kuma akwai abubuwan da ni kaina nake tsallakewa. Ba zan ba yaro shi ba. Na ambace shi ne, tare da Clair Obscur: Expedition 33 da wani ƙaramin kamfani a Faransa ya fitar a 2025, don a san salon bai mutu ba. Haka nan tsawonsu kansa jaraba ne, dole a yanka wa yaro lokaci, babba ma ya yanka wa kansa.

Wanda ke son gwadawa ba tare da kashe ko sisi ba, akwai Shattered Pixel Dungeon a wayar Android, kyauta ne kuma babu talla. Kowane taku ɗaya da ka yi, maƙiya ma taku ɗaya suke yi, in ka mutu kuma daga farko za ka soma. Tsofaffin Dragon Quest da Final Fantasy ma ana sayar da su a waya, kodayake farashin dala ya sa sun yi mana nauyi.

Babban abin da ke ci mini rai shi ne, har yau ban riƙe irin wannan wasa da Hausa ba, alhali muna da labarin da ya dace da shi. Kakanninmu fatake sun riƙa tashi daga ƙasar Hausa da jakuna ɗauke da kanwa da fata da tufafi, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa Bargu, har Salaga a ƙasar Gwanja, su dawo da goro bayan watanni. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai shigewa gaba, yana da uban dawaki. A kowane zango akwai shawarar yankewa: a biya sarkin gari kuɗin hanya ko a zaga ta daji a gamu da 'yan fashi, a sayar da kanwa nan ko a riƙe ta sai gaba, a jira jakin da ya gurgunce ko a raba kayansa. A dawowa kuma goro ba ya son zafi, kullum sai an duba shi an yayyafa ruwa, kowace rana da aka ɓata asara ce. Ga wasa cikakke ba tare da an nemi sihiri ko ɗaya ba. Ga kuma kufan Surame na Kanta a nan Jihar Sakkwato, wanda ganuwarsa kaɗai ta isa a gina babi a kanta. Abu ɗaya zan gargaɗi duk mai niyya: Shehu da almajiransa ba abin sakawa a wasa ba ne, a bar su a inda darajarsu take.

Irin wannan aiki ba ya buƙatar kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata. Da manhaja irin RPG Maker, mutum uku sun isa su fara: mai rubuta labari, mai zane, da mai haɗa lissafin faɗa da ciniki. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na yaye masu ilimin kwamfuta duk shekara, sashen tarihi da na harsunan Nijeriya kuma suna nan kusa da su. Ina roƙon jaridarku, idan za ta sake taɓo maganar gem, ta aika wakili ya zauna da irin waɗannan ɗalibai ya tambaye su me ya hana. In an samu masu farawa, ni zan ba da lokacina na ƙarshen mako in gwada musu wasan kyauta, in rubuta musu duk inda lissafin bai daidaita ba.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Mai karatunku daga Mabera, Sakkwato.