Wasiƙa zuwa ga Ummi a kan karatun dokar laifuka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Jiya da daddare mahaifiyarki ta kunna mini saƙon da kika aiko mata, na ji kin shiga darasin tushen dokar laifuka a karatun da kike yi ta intanet, kuma kalmomin Latin sun fara ɗaure miki kai. Na ɗauki waya zan kira ki, sai na ga maganar ta fi ƙarfin kati, shi ya sa na zauna na rubuta. Kin san ni ba lauya ba ne. Amma shekara talatin da ɗaya na yi a kotu, daga tafinta har na zama rajistara, kuma abin da ido ya gani a wannan zama ba zan bar shi ya bi ni kabari ba alhali 'yata ta kama hanyar.

Ki fara da tambayar kanki: dokar wace ƙasa malamin nan na cikin kwamfuta yake koya mini? Darussa da yawa da ke yawo a intanet a Amurka ko Ingila aka shirya su. Za ki ji suna maganar mutum goma sha biyu da ake zaɓowa daga cikin jama'a su yanke ko mutum ya yi laifi, ko kisan kai mai daraja ta ɗaya da ta biyu. Ilimi ne, ki saurara, amma mu a nan alƙali ne ke sauraron shaidu kuma shi ke yanke hukunci. Ko a cikin Najeriya ma doka ba ɗaya ba ce. Kudu suna bin Kiriminal Kod, wanda ya samo asali daga dokar jihar Kwinsland ta Ostareliya ta 1899, aka shimfiɗa shi a kan ƙasar gaba ɗaya a 1916. Mu a Arewa Final Kod ne namu. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, don a samo dokar da Musulmi da wanda ba Musulmi ba za su iya zama a ƙarƙashinta. Aka ɗauko tsarin dokar Sudan, wadda ita ma daga ta Indiya ta 1860 ta fito, majalisa ta amince a 1959, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, ana gobe 'yancin kai. Daga baya Zamfara ta kawo dokar laifuka ta shari'ar Musulunci a 2000, jihohi suka bi har suka kai goma sha biyu. Ke kuma da kike Kaduna, jiharku ta sake rubuta nata Final Kod ɗin a 2017, lambobin sassa sun canza. Duk abin da malami ya faɗa, ki buɗe dokar jiharki ki ga yadda ta faɗe shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Kalmomin da suka dame ki, aktus reyus da mens reya, kin san su tun kina Islamiyya, suna ne kawai ya bambanta. Ta farko aikin da hannu ya aikata, ta biyu abin da zuciya ta ƙudurta lokacin aikatawa. A mafi yawan laifuka sai biyun sun haɗu kafin a ce mutum mai laifi ne. Ba ki tuna hadisin farko da kuka haddace, cewa ayyuka suna tare da niyya? Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun raba kisan ganganci da kisan kuskure, hukuncinsu ba ɗaya ba. Final Kod ma haka: a tsohon kundin, sashe na 221 yana magana ne a kan kisan da hukuncinsa kisa ne, na 224 kuwa hukuncin kisan da bai kai nan ba. Saboda wannan asalin ne doka ba ta kama yaron da bai kai shekara bakwai ba da laifi, haka wanda hankalinsa ya gushe har bai san abin da yake yi ba.

A nan zan tsaya in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa ko mahaifiyarki ba sai bayan na yi ritaya.

Ina shekarata ta uku a aikin tafinta aka kawo wani dattijo manomi daga ƙauye, ana tuhumarsa da satar rago a kasuwa. Ranar kotu ta cika maƙil, shari'u sun fi talatin, majistare yana sauri, ni ma ina sauri. Aka karanta rahoton 'yan sanda da Turanci. Maimakon in fassara masa tuhumar yadda take, sai na gajarce, na ce masa, "Baba, an ce ka ɗauki rago a turken wane, ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?" Ya ce, "Na ɗauka mana." Na juya na ce wa majistare ya amsa laifinsa. Ina juyawa na ji ya ƙara da ƙaramar murya, "ai nawa ne." Na ji, Ummi. Kunnena ya ji sarai. Amma alƙalami ya riga ya fara tafiya, ni kuma ina yaro ina jin nauyin katse mai shari'a, sai na yi shiru. Aka ɗaure shi wata shida. Ashe ragonsa ne ya ɓata mako biyu kafin nan, ya gan shi a turken wani da tsagar da ya yi masa a kunne, ya kwance abinsa da rana tsaka a gaban mutane. Sashe na 286 na Final Kod bai ce sata ita ce ɗaukar abu kawai ba, ya ce ɗauka da niyyar rashin gaskiya. Dattijon ya amsa aikin, bai taɓa amsa niyyar ba, ni ne na haɗa masa su da bakina. Sai da ya yi kusan wata biyu a gidan yari kafin 'ya'yansa su sayar da hatsi su ɗaukaka ƙara a sake shi. Na je har ƙauyensu na nemi gafararsa, ya yafe, har ya ba ni gyaɗa. Yau shekara kusan arba'in ke nan, ban daina sa shi a addu'a ba, kuma tun daga ranar ban sake rage ko kalma ɗaya daga maganar wanda ake tuhuma ba, ko da mai shari'a zai ɓata rai.

Abin da nake tsoro game da karatun waya ke nan. Ba raina shi nake ba, wallahi na yi murna da Allah ya kawo zamanin da mace za ta yi karatu tana ɗakinta da goyo a baya. Amma a kan allon kwamfuta wanda ake tuhuma harafi ne kawai, wai A ya bugi B. Ba ki ganin rawar da hannunsa ke yi a cikin akwatin kotu, ba ki ganin uwarsa a bakin taga ta rufe baki da mayafi. Haka kuma ba ki ganin wanda aka cuta, wanda shi ma haƙƙinsa yake nema. Don haka ina roƙonki, da izinin maigidanki, ko sau biyu a wata ki je kotun majistare mafi kusa da ku ki zauna a bencin baya. Kundin tsarin mulki ya ce a fili ake shari'a, ba wanda zai hana ki in ba shari'ar da doka ta keɓe ba, kamar ta ƙananan yara. Ki je kotun shari'ar Musulunci ma wata rana. Gani ya kori ji.

Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 kuwa, ki haddace shi kamar yadda kika haddace karatun allo. A ciki ne aka ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, aka ce ba a hukunta mutum sai da laifin da aka rubuta a doka tare da hukuncinsa, aka ce wanda bai jin harshen kotu a ba shi tafinta kyauta. Wannan na ƙarshen, kin ga dalilin da ya sa yake taɓa ni. Nauyin kawo hujja yana kan mai gabatar da ƙara, kuma sai ya kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana, haka sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanada. Mu ma a shari'ar Musulunci hujja tana kan mai da'awa, kuma ana tunkuɗe haddi da shubuha. Za ki ji mutane suna cewa doka tana kare ɓarayi. Ki yi musu uzuri, zafin abin da aka yi musu ne. Amma ki tuna mafi yawan waɗanda ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a kama su da laifin komai ba tukuna.

Da zarar unguwa ta ji kina karatun doka, za a fara yi miki sallama da asuba: an kama ɗan wance. Abin da kika tabbata da shi ki faɗa. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma yana da ikon yin shiru har ya ga lauya. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun hana a kama uwa ko ƙane a madadin wanda ake nema. Daga nan ki tura su wurin lauya, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a in ba su da hali. Takardar da za ki samu a wannan kwas ba lasisi ba ce. Tsayawa gaban alƙali sai wanda ya yi digirin lauya a jami'ar da aka amince da ita, ya wuce Makarantar Horas da Lauyoyi, irin reshenta da ke Bagauda, aka rantsar da shi. In can zuciyarki take, ki binciki matsayin makarantarki tun yanzu, kafin ki ƙara zuba kuɗi.

Sauran kuwa kin fi ni sani: sauke darasi lokacin da akwai wuta da data, da rubuta abin da kika fahimta da hannunki. Abu ɗaya ne ba zan yafe ba, ki biya wani ya rubuta miki aikin gida ko ki kwafo na wani ki sa sunanki. In kin gaji ki kwanta, ki tashi bayan asuba ki yi da kanki.

Zan ba direban motar Kaduna tsohon Final Kod ɗina ranar Asabar, tare da kuka da daddawar da mahaifiyarki ta haɗa miki. Bangon ya yage, na ɗaure shi da zare. Za ki ga rubutuna da jan biro a gefen shafuka, a sashe na 286 kuma za ki ga kwanan wata. In kin karanta darasin kare kai ki kira ni, akwai shari'u biyu da nake so in ba ki labarinsu. Ki gaishe da maigidanki, ki shafa mini kan yara. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki ilimi mai amfani.

Wassalam,
Babanki