Zuwa ga kamfanin kayan kiɗa na Legas da ya sayar min da jita da fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin jita ta kai wa sifika) wanda ba ya shiga cikinta

Assalamu alaikum. Daga Bauchi nake rubuto muku, kuma a fili zan rubuta tunda sati uku kenan ina bin ku a WhatsApp kuna karantawa kuna yin shiru, in na kira kuma a ce min manaja ya fita. Ban ambaci sunanku ba saboda har yanzu ina fatan mu gama maganar nan cikin mutunci, amma kun san kanku, kuma rasit ɗina yana hannuna.

Ni mai koyon kiɗan buluz ne, shekara shida ina yi. Ta hanyar Ali Farka Touré na Mali na shigo, Allah ya jiƙansa, daga shi na gangara wajen tsofaffin baƙaƙen Amurka na yankin Misisifi, wlh ranar da na fara jinsu sai na ji kamar masu garaya da molo ne suka yi ƙaura. Duk shekarun nan da babbar jita ta aro nake yi, irin mai faɗin ƙugu ɗin nan da ake ce wa diretnot, tana da kyau in za ka yi ta sharɓa mata hannu kana waƙa, amma in da yatsu kake tsinka, babban yatsa yana riƙe da bes, wato tsirkiyoyi masu kaurin murya, sauran suna fitar da waƙa, sai ƙasan ya yi ta gunji ya danne komai. Shi ya sa masu buluz da yawa suke son ƙaramar jita, sautinta a tsakiya yake, busasshe, kowace tsirkiya ka taɓa za ta yi magana ta yi shiru ta ba ta gaba wuri. Ko Robert Johnson, shahararren mai buluz na Misisifi da ya ɗauki waƙoƙinsa a 1936 da 1937, a sanannen hotonsa Gibson L-1 ce a hannunsa, ƙarama ce. Wannan sautin nake nema, na yi adashi na wata takwas a kansa.

Da kwasata ta zo na ga tallanku, ƙaramar jita da fikof a haɗe, kun rubuta cewa an haɗa su ne musamman don buluz. Ban tura kuɗi haka kawai ba. Na tambayi yarinyar da ke amsa saƙonninku wane irin fikof ne, na maganaɗisu da ake maƙalawa a bakin ramin jita ko kuwa wanda ake ce wa fiyezo, na ƙarƙashin jaki, wato inda tsirkiyoyi ke zama a kan jikin jita, ta ce na maganaɗisu ne. Na sake tambaya ko an gwada shi a jikin wannan jitar, don na san ramin ƙananan jita ba ya kai na manya, ta rubuto min cewa an gwada, yana shiga daidai. Saƙon yana nan ban goge ba. A ranar na tura naira 185,000 har da kuɗin mota, kuka ce kun ga alat.

Kwana biyar kaya suka iso tasha, na je na karɓo da kaina na rungumo kwalin a bayan ɗan acaɓa har Yelwa don kar a buga min shi. Gaskiya jitar kanta ba ni da ƙorafi da ita, sai dai in yaba. Firet 12 ne, wato ƴan ƙarafan da ke gicciye a wuyanta, daga kai zuwa inda wuya ya haɗu da jiki kamar jitocin zamanin da, ba ta da nauyi, na saukar da tsirkiyoyin zuwa saitin da ake ce wa buɗaɗɗen G na sa wuyan kwalba a ɗan yatsana na ja, har maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana tambayar wa ya zo. To sai na buɗe ɗan kwalin fikof. Na juya shi ta dama bai shiga ba, na sassauta tsirkiya duka shida na karkata shi na gwada ta hagu, kunnuwansa biyu suna zaune a kan katako sun ƙi faɗawa. Na kai wa wani kafinta abokina da ke kusa da kasuwar Muda Lawal ya auna min da ma'auninsa, ramin jitar milimita 85 ne, a bayan kwalin fikof ɗin kuma an rubuta ƙarara cewa sai rami mai milimita 95 zuwa sama. Wato na babbar jita ne, wadda raminta yake kai inci 4. Da wani a shagonku ya juya kwalin nan ya karanta bayansa na minti ɗaya da duk wannan bai faru ba, kenan ba a gwada ba, an dai ce min an gwada ne don in tura kuɗi, kuma abin da ya fi ƙona min rai kenan.

Amsar farko da na samu daga wurinku ita ce wai in kai wa kafinta ya ƙara faɗin ramin. Haba jama'a. Saman jita shi ne muryarta, siririn katako ne da bai wuce milimita 3 ba, a ƙarƙashinsa akwai ƴan sanduna da aka manna suna riƙe shi kar jan tsirkiya ya ɓalle shi, wasu a gefen ramin suke. Kuma mu nan hunturu ya shigo, iska ta bushe ƙayau, ko ba ka taɓa jita ba sai ka saka soso mai ɗan damshi a cikin jakarta kar ta tsage, ƙwararru cewa suke danshin iska na kashi 45 zuwa 55 take so, mu kuwa a Disamba da Janairu leɓen mutum ma tsagewa yake. A wannan yanayin kuke so in sa mata zarto, sannan in ta fashe ku ce ni na ɓata garanti.

Da na ƙi sai kuka ce to in dawo da shi a kan kuɗin motata ku aiko min da fiyezo, wai ai duk fikof fikof ne. Ba ɗaya ba ne, dan Allah ku koya wa ma'aikatanku wannan ko don masu saye na gaba. Fiyezo matsi yake ji, a ƙarƙashin ɗan farin ƙashin da ke kan jaki ake shimfiɗa shi, sai an huda jitar an kuma faɗaɗa ramin gindinta don soket, kuma in mai arha ne ba shi da ɗan firi'am mai batir da ke ƙara masa ƙarfi, sautinsa siriri ne mai tsini kamar ana buga roba, in ka ja kwalba a kai ƙarar gogar ce za ta fi fitowa. Na maganaɗisu kuwa motsin ƙarfen tsirkiya yake ji, shi ya sa ma ba ya aiki da tsirkiyar nailan, sautinsa mai kauri ne da ɗumi, in ka haɗa da ƙaramar amfilifaya ya ɗan shaƙe sai ka ji ainihin abin. Irinsa manyan masu buluz su Elmore James da Lightnin' Hopkins suka maƙala wa jitarsu, na kamfanin DeArmond. Kuma ba ya buƙatar a huda komai, ka ɗaure ka kunce lokacin da kake so. Akwai masu son fiyezo kuma ban ce laifi ba ne, a coci da wajen taro yana yi musu aiki sosai, amma ni ba shi na biya ba.

Abin ya ja min asara ta gaske. Wani abokina ya gayyace ni in yi kiɗa na rabin awa a walimar aurensa, karo na farko da zan tsaya gaban mutane da kayana na kaina, na gaya wa ƴan gidanmu, ƙannena sun zo. Dole na kafa makirfo a gaban ramin jitar, ga janareta na ruri a baya, da mai sauti ya ƙara murya sai sifika ta yi ta kuka, da ya rage kuma ba mai ji sai na layin gaba. Waƙa biyu na yi na sauka. Ango ya ce ba komai amma ni na san da komai.

Ga abin da nake nema. Ku aiko min da fikof na maganaɗisu da zai shiga rami mai milimita 85, akwai su ana yi don ƙananan jita, a auna a ɗauki hoton awon a turo min kafin a sa a mota. In ba ku da shi ku faɗa min gaskiya ku mayar min da kuɗin fikof ɗin, naira 48,000 kamar yadda yake a rasit, ni zan nema da kaina. Naku yana nan cikin ledarsa ko ƙwarzane babu, zan kai tasha duk ranar da kuka turo kuɗin mota, don ba ni na yi kuskuren ba. Kuma ku cire tallan nan da ya haɗa su biyun, jiya na duba yana nan, wani yaron da ya tara kuɗinsa kamar ni zai iya faɗawa.

Na ba ku zuwa Juma'a mai zuwa. In na ji shiru zan kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da rasit da hoton hirarmu da hoton awon da kafinta ya yi.

Naku,
wani mai saye daga Yelwa, Bauchi