Godiya ga mai shagon kayan BMW a Ƙofar Ruwa, Kano, da yaron shagonsa

Assalamu alaikum Alhaji.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda abin da na gani a shagonka ban saba ganinsa a kasuwar nan ba. Ni ne mai BMW 330i ɗin nan ƙirar 2003, wanda ya zo neman wata-fam, wato famfon da ke zagaya ruwan sanyaya inji, ranar Asabar da rana tsaka, fuska a murtuke.

Akwai dalilin murtukewar. Wata biyar injina yana ƙasa a gareji. Cikin zafin Afrilu, ina kan titin Zariya allurar zafi ta haura ja, kafin in samu wurin tsayawa ruwa ya tafasa. Da bakanike ya ciro famfon, sai ga fikafikan robar da ke tura ruwan sun tsattsage, sandar tana juyawa ita kaɗai. Wanda ya san injin motar nan, M54, ya san bulo ɗinsa, wato gangar jikin injin, na alminiyam ne, ba ya yafe zafi. Tof, wato kan injin, ya lanƙwashe, gasket ɗin da ke tsakaninsa da bulo ya ƙone, zaren kusoshin tof ya zame daga cikin bulo. Famfon da bai kai tafin hannu biyu ba ya sa na sake gina inji tun daga tushe.

Shi ya sa da aka zo kan sabon famfo na kasa sakin jiki. Shago uku na shiga kafin naka. Na farko ya miƙo min kwali a manne, ya ce in na buɗe na saya. Na biyu ya ce duk ɗaya ne, ruwa kawai yake turawa. Na uku ya rantse min orijinal ne, alhali rubutun kwalin ma a karkace yake.

Yaronka kuwa bai taɓa kwali ba sai da ya yi min tambayoyi. Wane inji ne? Tuƙin gari nake yi ko ina taka ta sosai? Fankar da ke ɗaure a bakin famfon tana nan ko an cire? Sannan ya sauko da guda uku, ya buɗe su duka a kan benci, ya ce, "Yaya, taɓa ka ji." Ya sa na juya kowanne da hannuna. Ɗaya yana da ɗan wasa a boris, wato inda sandar ke juyawa, kana girgiza shi kana jin ƙas-ƙas. Shi da kansa ya ture shi gefe, ya ce wannan ba na injin da aka kashe wa kuɗi ba ne.

Ni na zo ne da niyyar duk mai fikafikan ƙarfe shi zan ɗauka, tunda roba ta cuce ni. Ya nuna min cewa ƙarfe kaɗai ba ya wadatarwa. Idan fikafikan sun yi nauyi ko ba su daidaita ba, boris ne zai ci wuya, musamman a wannan injin da fanka take rataye a kan famfon. Ya ce kuma a injin da ake kai wa juyi 6,000 a minti, siffar fikafikan ta fi komai, domin maras kyau kumfa yake tayarwa a maimakon tura ruwa. Na ɗauki na tsakiya a farashi. Mai tsadar yana nan a gabansa, bai tura min shi ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar tamosta, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗau zafi. Da na ce bakanikena na shirin cire ta, ya roƙe ni kada in yarda, ya ce ta wannan injin da wayar lantarki take, kwamfutar mota tana aiki da ita. Ya kuma tuna min cewa notin fanka mai lamba 32 a baibai yake kwancewa, kada a karya sabon famfo garin ɗauri.

Wallahi abin yana damuna yadda muka mayar da cire tamosta al'ada, da zuba ruwan rijiya a lagireto har tsatsa ta cinye komai. Mai kaya ba ya tambaya, bakanike ba ya bayani, in inji ya mutu a ce zafin Arewa ne. Mutum ya tara kuɗinsa da guminsa, a sayar masa da jabu a kwali mai kyau, in ya dawo a ce kaya ya fita.

Mota ta tashi makon jiya. Na je Kaduna na dawo, ruwa bai ragu ba ko kaɗan. Alhaji, ka riƙe yaron nan da kyau, Allah Ya yi masa albarka, Ya ƙara wa kasuwarka buɗi. Ka ce masa ina nan tafe ƙarshen wata, zan canza tankin ruwan da ya ce min ya fara tsagewa.

Wassalam.