A Dawo Mana Da Zane A Fuskar Shagunanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni magini ne a Zariya, kuma gado na yi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, zanen bango yake yi. Ina yaro ni ke riƙe masa kwanon kwaɓi, shi kuma yana kan tsani yana fitar da dagi a saman ƙofa da yatsa da guntuwar wuƙa, yana sauri kafin shafen ya sha iska. In ɗan kasuwa ya kira shi, ba ya taɓa bango sai sun zauna a zaure ya ji abin da mutumin ke sayarwa, da inda yake zuwa fatauci, da ko ya sauke farali. Daga hirar nan zanen ke fitowa. Wani a sa masa keke, wani agogo, mai sufuri a sa masa mota, alhaji kuwa jirgin sama. Ko wanda bai yi boko ba, da ya ɗaga kai ya san wurin wa ya zo, ya kuma san mai wurin zaunanne ne, ba zai ci kuɗin mutane ya gudu ba.

Yau a zaga Kantin Kwari a Kano ko titin Ahmadu Bello a Kaduna: benaye ne reras, an lulluɓe su da baƙin gilashi da farantan alminiyam. Na mai atamfa da na mai waya duk fuska ɗaya.

Bara na yi wa wani matashi aikin shaguna. Na roƙe shi ya bar ni in sa zankwaye biyu da dagi a saman ƙofar shiga, ko sisi ba zan ƙara masa ba. Ya ce, "Haba Baba, ai wannan kayan ƙauye ne." Wallahi maganar ta kwana a raina. Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, ɗan ƙauye ne? Gidan Makama na Kano fa, ko gidajen unguwar Birni a Damagaram da baƙi ke tahowa daga nesa su ɗauki hoto?

Ba cewa nake a koma tubali da makuba ba. Siminti yana karɓar zane sarai, tun zamanin mahaifina ake yi da shi. Roƙona ga attajiranmu da masu zana taswirar gini, musamman waɗanda suka fito daga Jami'ar Ahmadu Bello, su riƙa ware ko da saman ƙofa ne su kira mai zane. A unguwarmu mu uku muka rage da muka iya, kuma ƙaraminmu ya haura sittin.

Wassalam.

Naku,
Wani magini,
Tudun Wada, Zariya