Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya sayar mana da tafiyar jirgin ruwa a Tekun Bahar Rum

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na fito da wannan magana bainar jama'a ne saboda duk hanyar da ya kamata a bi cikin sirri na bi ta. Na yi ta zirga-zirga ofishinku na Kano, na buga waya, na aika saƙo, amsar ba ta taɓa wuce "ana dubawa, Alhaji, a ƙara haƙuri" ba. Ban kama sunan kamfaninku ba, domin ba tozarta ku nake nufi ba, kuma kun san kanku. So nake a biya wanda aka cutar, sannan mai niyyar irin wannan tafiya ya ji abin da mu ba a gaya mana ba.

Ƙorafina guda ɗaya ne, sauran duk rassansa ne. Kun ɗauko tafiyar da aka tsara wa mutanen Turai kun sayar wa masu koren fasfo, ba ku tsaya kun duba inda halinmu ya sha bamban da nasu ba. Mutumin Faransa ko Italiya da zai hau wannan jirgi ba ruwansa da zancen biza. Mu kuwa a kanta tafiyar take tsayawa ko ta rushe.

Tafiyar da kuka tallata a Facebook ta mako guda ce: a tashi daga Basalona, a tsaya a Marseille, Genoa, Civitavecchia da Palermo, a tsallaka tashar La Goulette ta birnin Tunis, sannan a koma Basalona. Ni da mai ɗakina da mahaifiyarmu Hajiya muna da bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, ta shiga da fita sau da yawa wadda ba ta ƙare ba. Ƙanena da amaryarsa, waɗanda dominsu aka shirya tafiyar, ba su taɓa zuwa Turai ba, don haka suka biya ku kuɗin cike takardu. A takardar neman biza akwai gurbin da ake tambayar sau nawa mutum yake son shiga: sau ɗaya, sau biyu, ko sau da yawa. Ma'aikacinku ya zaɓi sau ɗaya. Ya haɗa da takardar kama ɗakin otal a Basalona, ya bar jadawalin jirgin ruwan a cikin aljihun teburinsa, wai don kada a rikita jami'in ofishin jakadanci. Bizar ta fito ɗauke da lamba 01, ya miƙa musu fasfo yana taya su murna.

Sifaniya, Faransa da Italiya suna cikin yankin Shengen, Tunisiya ba ta ciki. Da zarar jirgi ya je Tunis an fita daga yankin ke nan, ko fasinja ya sauka ko ya yini a ɗakinsa, komawa Basalona kuma shiga ce ta biyu. Mai biza 01 ya riga ya cinye tasa tun ranar da ya sauka a filin jirgin sama. Wannan ba ɓoyayyen ilimi ba ne, yana rubuce a sharuɗɗan masu jirgin, waɗanda ku kuka karɓa a madadinmu ba ku nuna mana ba. A bakin tasha ma'aikaciyar da ke duba takardu ta buɗe fasfo biyun, ta kira shugabanta, suka ba mu haƙuri cikin ladabi, suka ce ango da amarya ba za su hau ba. Ba su yi laifi ba, aikinsu suka yi. Hajiya ta ce to kowa ya fasa. Ƙanena ne ya durƙusa ya roƙe ta ta shiga, kada asarar ta zama ta gida duka. Haka muka bar su tsaye a tasha, yarinya tana kuka, suka koma neman otal a tsakiyar lokacin da Basalona ke cike da baƙi, ɗaki yana tsada kamar me.

Da na dawo, manajanku ya ce mini ofishin jakadanci ne ke da ikon ba da irin bizar da ya ga dama. Gaskiya ne, amma abin da aka roƙa shi suka bayar. Kwafin takardar yana hannuna, da rubutun ma'aikacinku a jiki. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kuma ko da a ce an nemi sau biyu suka ba da sau ɗaya, fasfo ya dawo ofishinku da sauran lokaci, wanda ya san aikinsa kallo ɗaya zai yi wa wannan lamba ya ɗaga waya. Doka ta yarda a nemi bizar Shengen tun ana saura wata 6 a yi tafiya, amsa kan fito cikin kwana 15, wani lokaci ta kai 45. Kuɗinta Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024. Sake nema da wuri ya fi asarar kuɗin ɗakin jirgi gaba ɗaya sauƙi nesa ba kusa ba.

Mai karatu da ke shirin tafiya, ka karɓi jadawalin tashoshin a rubuce, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. In ka ga Tunisiya, Turkiyya, Maroko, Montenegro, Saifurus ko Ingila a ciki, jirgin zai fita daga Shengen, kana buƙatar 02 (sau biyu) ko MULT (sau da yawa) a kan bizarka. Ka kuma sa a rubuta maka ko ita ƙasar da za a ratsa tana buƙatar tata bizar daga mai irin fasfonka, domin hukuncin ɗan Najeriya ba lallai ya zama na ɗan Nijar ko ɗan Ghana ba. Dokar biza na neman fasfo ya rage wata 3 bayan dawowa, amma yawancin masu jiragen ruwa wata 6 suke nema. Ba sa ɗaukar mai juna biyu da cikinta zai kai mako 24 a lokacin tafiyar, ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata 6 ba. Amarya kuka sayar wa tikiti tun watanni kafin tashi, ko wannan ba ku ambata ba.

Sai batun jirgin sama. Babu jirgin da ke zuwa Basalona kai-tsaye daga filin Malam Aminu Kano, dole a yi canji a hanya. Kun sa mu sauka da safiyar ranar da jirgin ruwa zai ɗaga, don ku rage kuɗin otal na dare ɗaya farashinku ya yi kyau a talla. Akwatunanmu ba su biyo mu ba, sai a Genoa suka iske mu. Da jirginmu ne ya makara ba kaya ba, da duk mun rasa tafiyar, don jirgin ruwa ba ya jiran kowa. A ganina duk wanda zai taso daga Afirka ta Yamma ya isa garin tashi da kwana guda a ƙalla, in da tsoho a tawagar ma kwana biyu.

Tallarku ta ce "komai da komai a ciki". Abin da ke ciki shi ne ɗaki, abincin babban ɗakin cin abinci da wasannin dare. Tukwicin ma'aikata, sama da Yuro 10 a kan kowane babba a kowane dare, kai-tsaye ake rubuta shi a lissafin ɗaki. Ruwan gora, lemo, intanet, wanki, motar da ke kai mutum cikin gari daga tasha, duk da kuɗinsu. Ba na ƙyashin tukwicin, waɗannan bayin Allah daga Indunusiya, Filifin da Indiya suna watanni ba su ga iyalinsu ba, sun cancanci fiye da haka. Abin da na ƙi shi ne in ji labarinsa a tsakiyar teku. A jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, katin ɗaki ne kuɗin mutum, kuma ranar shiga ake ɗaure shi da katin banki, a riƙe wani adadi a matsayin jingina. Katin naira ya ƙi aiki, da ban riƙe Yuro a aljihu ba da mun ji kunya. Ku da kuke zaune a Najeriya kun fi kowa sanin halin da katunanmu suke ciki a waje a lokacin. Haka kuma ba wanda ya gargaɗe mu cewa in jirgi ya yi nisa da gaɓa waya takan kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, mai cinye kuɗi cikin ɗan lokaci. A kashe layin waya da zarar an ɗaga, shi ne kawai maganinsa.

Ganin likitan jirgi ma da kuɗi ne, kuma ba kaɗan ba. Inshorar da kuka saya mana ita ce mafi ƙaranci da biza ke nema, ta Yuro 30,000, wadda ba ta ɗauke asarar fasa tafiya ko rasa jirgi. Hajiya ta ga likita ne saboda ɗakin da kuka ba ta. Mun gaya muku shekarunta da ciwon gwiwarta, kuka ce za a sa ta inda ya dace. Ashe irin tikitin nan mai rahusa kuka yanka, wanda masu jirgi ke zaɓar wa mutum ɗakin da ya rage. Ya faɗo a can sama, a goshin jirgi, inda girgiza ta fi tsanani. Tsakanin Basalona da Marseille akwai mashigin da iskar Mistral ke tayar da igiyar ruwa, daren nan ta kwana tana jiri da amai. Ɗakin da ke tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa ya fi kwanciyar hankali, kowane dillalin tafiyar teku ya san wannan.

Saboda iskar, kyaftin ya fasa tsayawa a Marseille. Ban ga laifinsa ba, rai ya fi yawo, kuma dokar Tarayyar Turai mai lamba 1177 ta 2010 ba ta tilasta wa jiragen yawon shaƙatawa biyan diyyar jinkiri irin wadda ake biya a jiragen fito. Waɗanda suka sayi yawon gari a hannun masu jirgin an mayar musu da kuɗinsu kafin dare. Mu da muka biya ku tun a Kano har yau shiru.

A tallar kun kira tashar Civitavecchia "Rum". Jirgi ba ya zuwa birnin Rum, Civitavecchia yake tsayawa, wajen kilomita 80 tsakani, tafiyar sama da awa guda. Ana rufe ƙofa rabin awa kafin ɗagawa, kuma ayarin da masu jirgin suka shirya kaɗai ake jira in ya makara. Direban da kuka haɗa mu da shi bai san da haka ba, da ƙyar muka riski ƙofa, ina tura Hajiya a keke. Wanda jirgi ya bari shi zai nemi hanyar tasha ta gaba da kuɗinsa. Akwai kuma tarkon agogo: da bazara Italiya na gaban Tunisiya da awa guda, waya takan juya da kanta, alhali da agogon jirgi ake aiki.

Abinci da ibada su ne abin da na fara tambaya kafin in biya ko sisi. Kuka ce an rubuta. A jirgin babu wannan rubutu. Shugaban masu hidimar abinci ya ce naman yankan Musulmi sai an nema makonni kafin tashi, domin a tasha ake lodinsa. Kifi, ƙwai da ganye muka ci, muna tambaya a kan kowace miya, don wasu da giya ake dafa su, wasu da kitsen alade. Wani yaro ɗan Indunusiya, Allah ya yi masa albarka, shi ya riƙa nuna mana abin da za mu kauce wa, shi ya kuma nuna mana tashar talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgi ya fuskanta, muka riƙa gane alƙibla. Babu wurin sallah, a tsakanin gado da bango muka riƙa yi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba abin da zai hana Musulmi tafiya ba ne, kuma ba zan ɓoye ba, fitowar rana a kan teku bayan sallar asuba abu ne da ke ƙara wa mutum tsoron Allah. Amma a gaya wa mutum gaskiya ya shirya.

Hukumar alhazai ba ta sakin maniyyaci sai ta yi masa bita. Ku ma mutanen da mafi yawansu ba su taɓa hawa teku ba kuke ɗiba, zaman awa ɗaya da takarda shafi biyu cikin Hausa da sun kawar da kusan duk abin da na lissafa. A Turai dokar tafiye-tafiyen haɗaka ta 2015 ta wajabta wa mai sayarwa ya yi bayanin fasfo da biza kafin ya karɓi kuɗi. A nan gida dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mu haƙƙin samun bayani a harshe mai sauƙin fahimta da sanin ainihin farashi.

Ga abin da nake nema. Ku mayar wa ƙanena cikakken kuɗin ɗakin jirgi na mutum biyu, da ladan cike takardu, da abin da ya kashe a otal a Basalona, rasiɗai suna nan. Ku mayar mana da kuɗin yawon Marseille. Ku cire "komai da komai a ciki" daga tallarku, ku rubuta abin da ba ya ciki. Ku duba fasfon duk wanda ya riga ya biya ku kuɗin tafiya mai zuwa tun yanzu, kafin wani ya tsaya inda ƙanena ya tsaya. Ku kuma ba ni shaidar cewa kun miƙa wa masu jirgin ƙorafin da na ba ku a rubuce, domin dokar Turai wata 2 kacal ta ba fasinja ya shigar da kuka, lokaci kuwa yana tafiya takardar tana hannunku.

Na ba ku mako biyu daga ranar da wannan wasiƙa ta fito. In ban ga amsa a rubuce ba, zan kai kwafin takardar bizar, hoton tallarku da rasiɗan gaban FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, in kuma nemi shawarar lauya. Lambar cinikinmu tana cikin takardar da na ajiye wa sakatarenku.

Wassalam.

Naku,
Wani abokin cinikinku daga Kano