Kafin a shigo da kabu-kabu mai batir Damagaram, a tanadi inda zai sha wuta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka mu tofa albarkacin bakinmu kan maganar da ta fara yawo a tashoshin ƴan kabu-kabu da adaidaita, wato komawa ababen hawa masu aiki da batir. Mu masu gyaran babura ne da masu haɗa wutar sola a nan Damagaram. A ganinmu abin mai yiwuwa ne, amma idan aka shigo da baburan kafin a tanadi wurin cajinsu, hayaƙi ba zai ragu ba, kuma ba ko dala da za ta ƙaru a aljihun mai tuƙi.

Maganar ta samo asali ne daga kamfanonin da ake kiran motar haya ta wayar salula. A 2020 Uber ya yi alkawarin cewa nan da 2030 duk motocin da ke masa aiki a biranen Amurka, Kanada da Turai za su zama masu lantarki, sauran duniya kuma nan da 2040, ya kuma ware dala miliyan 800 ta Amurka don taimaka wa direbobi su sauya mota. Lyft ma ya yi irin wannan alkawari a shekarar. A 2021 jihar Kalifoniya ta mayar da abin doka: nan da 2030, kashi 90 cikin 100 na tafiyar motocin waɗannan kamfanoni ya zama da lantarki. Dalilin da ya sa aka fara da motar haya a fili yake. Motar gida tana wuni a ajiye, ta haya kuwa tana bisa hanya daga safe har dare, kuma wani babban ɓangare na tafiyarta wayam take yin sa, tana neman fasinja. Sauya motar haya ɗaya ya fi sauya motocin gida da yawa rage hayaƙi.

A Afirka kuwa da babur aka fara. Uber ya fito da babura masu lantarki a Nairobi a 2023, kamfanin Ampersand yana aiki da su a Kigali, kamfanin Spiro yana da su a Benin da Togo, kuma Ruwanda ta daina yi wa sabon babur ɗin haya mai amfani da mai rajista a Kigali tun daga Janairun 2025. Mu nan ba mu da Uber. Abin da ke kwashe mutane daga Birni zuwa Kasuwar Dole, ko daga Zango zuwa Jami'ar André Salifou, kabu-kabu ne da adaidaita, don haka da su za mu yi lissafi.

Lita ɗaya ta esansi idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon da ke ɗumama duniya, gazuwal kuma kusan 2.7. A ce ɗan kabu-kabu ya yi kilomita 100 a wuni, da fasinja da rairayi da tsaye-tsaye, ya sha lita 3. Kusan kilo 7 ke nan. Babur mai batir yana cin kilowat-awa (ma'aunin wutar da aka sha) 4 zuwa 5 a wannan tafiya, a ce 5 da rabi idan aka haɗa da abin da caja ke ɓatarwa. To ina wutar ta fito? Idan daga manyan injinan gazuwal ne, waɗanda lita ɗaya ke ba da kilowat-awa 3 da rabi zuwa 4, hayaƙin ya kai kilo 4. An rage, amma bai kai rabi ba. Idan ƙaramin janareton shago aka tayar, wanda da ƙyar lita ke ba da kilowat-awa ɗaya da rabi, sai an ƙona fiye da lita 3 da rabi, wato an zarce man da babur ɗin zai sha da kansa. Idan kuma daga rana ta fito, kusan ba a ƙona komai ba. Adaidaita yana cin kusan ninkin wannan wuta, amma hukuncin ɗaya ne.

Ba wanda zai manta Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke amfani da shi, ba a dawo da ita ba sai Maris 2024. Ko ba rikici, kowa ya san yadda wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na ƙasa, ke ɗaukewa a watannin bazara. Sana'ar da mutum ke ci da iyalinsa kullum ba za a rataya ta bisa wannan waya kaɗai ba. Sai dai shi ma man ba amintacce ba ne: ga matatar SORAZ a bayan gari tun 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, amma a Maris 2025 an ga layin da aka yi a gidajen mai.

Batun kuɗi yana son a faɗi gaskiya, domin masu talla sukan kawo lissafin Kenya su ɗora mana. Tun Yulin 2024 da litar esansi ta sauko zuwa sefa 499, lita 3 jika ɗaya da rabi ne. Kilowat-awa 5 da rabi, ko an sa kowanne sefa 125, bai wuce 700 ba. Rarar kusan 800 ce a wuni, wato kusan jika 240 a kwanakin aiki 300, ban da kuɗin juyen baƙin mai, fulogi, wankin kafireto da sauran ƙananan gyare-gyaren da babur mai batir bai san da su ba. Riba ce, amma ba irin ta ƙasashen da mai ke da tsada ba, kuma daga cikinta ne za a sayi sabon batir idan na farko ya mutu. Saboda haka ribar gaba ɗaya ta dogara ga shekarun da batir zai yi.

Batir iri uku ne ke shigowa. Akwai na dalma, irin na mota, mai araha da nauyi. Caji 300 zuwa 500 yake yi a ƙasar sanyi, kuma ƙa'idarsa ita ce duk ƙarin zafi na digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana raba rayuwarsa biyu. Ga mai caji sau biyu a wuni a Damagaram, ba zai ga shekara ba. Akwai litiyom nau'in NMC, mara nauyi, mai nisan tafiya, amma ba ya son zafi kuma shi ya fi saurin kamawa da wuta. Sai litiyom nau'in LFP, wanda ya ɗan fi nauyi amma yana yin caji 2,000 ko fiye, kuma ya fi jure zafi. Ga garin da ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, LFP ne kawai muke ba da shawara. Mai saye ya duba abin da aka rubuta a jikin batir, ya ninka bolt da amfiya-awa ya ga ƙarfinsa: 72 sau 40 ya ba da kusan kilowat-awa 2.9, wato tafiyar kilomita 60 zuwa 70 da fasinja. Duk wanda ya ce wannan batir zai yi 120, lissafinsa na mutum ɗaya ne mara nauyi bisa kwalta mai santsi. Zuwa Mirya da dawowa ba matsala. Magarya ko Tanut kuwa a manta da su tukuna.

Cikin manyan abubuwan da ke kashe batir da haddasa gobara akwai caja da ba tasa ba. Batura biyu duka ana kiransu masu bolt 72, amma NMC mai ƙwaya 20 (ƙananan baturan da aka jera a cikinsa) yana cika a bolt 84, LFP mai ƙwaya 24 kuma a 87.6. Bakin cajar sau da yawa iri ɗaya ne. Idan aka jona ta LFP a NMC, abin da ya rage tsakanin mutum da gobara shi ne ɗan allon da ke cikin batir, wanda ake kira BMS, mai yanke wuta idan ƙwaya ta cika ko ta yi zafi. Wasu masu gyara, idan allon ya dame su da yankewa, sai su tsallake shi da waya. Kada a yarda da wannan ko kyauta ne. Haka kuma ba a jona batir da zarar an sauko daga aiki. A bar shi a inuwa kamar rabin awa, domin caji sama da digiri 45 yana cinye shi, kuma ɗakin kwano a rufe da tsakar rana ya wuce haka. Batir da ya kumbura, ko ya faɗi ya lotse, ko yake wari, a fitar da shi fili nesa da mutane. Wutar litiyom ba ta jin ƙaramin tulun kashe gobara mai gari, sai ruwa mai yawa, kuma tana iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Kada a kwana da batir a caji cikin ɗakin da yara ke barci.

Cajar amfiya 10 tana ɗaukar awa 4 zuwa 5 kafin ta cika batir, ɗan kabu-kabu kuwa ba zai ajiye babur rabin wuni ba. Shi ya sa a Kigali da Kwatano ake musayar batir: ka kawo wanda ya ƙare, a ba ka cikakke cikin ƴan mintoci, batir na kamfani ne, kai kuɗin wuta kake biya. Wannan yana sauke wa mai tuƙi mafi tsadar ɓangaren babur, kuma ya yi daidai da sola, tunda batura suna caji da rana alhali baburan suna aiki. Ga lissafin tasha mai babura 20: suna bukatar kilowat-awa 110 zuwa 115 a wuni. A ranar Damagaram kilowat ɗaya na farantan sola yana ba da 4 da rabi zuwa 5, don haka ana son kusan kilowat 25, wato faranti 45 masu wat 550, a rumfa mai faɗin kusan murabba'in mita 120, wadda ƙarƙashinta zai zama inuwar baburan. Batura kuma kusan biyu ga kowane babur, saboda na aikin dare da na asuba dole su cika kafin la'asar sakaliya. Da hunturu ƙura tana iya cinye kashi ɗaya cikin biyar na wutar idan ba a share farantan ba. A garin da ruwa ke da tsada, a yi amfani da tsintsiya mai laushi da sassafe, wankin ruwa kuma jefi-jefi.

Wanda zai yi caji da wutar NIGELEC ya san cewa kowace caja tana jan kusan wat 900. Goma sun kai kilowat 9, abin da mitar gida ba za ta ɗauka ba. Ana bukatar mita mai layi uku, waya mai kaurin milimita 2.5 zuwa kowane soket, abin yanke wuta mai jin yoyo na miliamfiya 30, da wayar ƙasa ta gaske da aka binne. Jona caja uku a rariyar soket ɗaya ta kasuwa yana iya narkar da waya.

A jikin babur ɗin kansa, rairayi ne babban abokin gaba. Idan taya ta nutse mai tuƙi ya ci gaba da murza hannu, inji ba ya juyawa amma wuta tana kwarara, sai kwanturola, wato akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji, ta ƙone. A saki hannu, a sauka a tura. Ga unguwanni masu rairayi da hawa cikin duwatsu, babur mai inji a tsakiya da sarƙa ya fi wanda injinsa ke cikin tayar baya. Da damina ruwa yana shiga ta inda waya ta ratsa gatarin taya ya lalata ƙananan na'urori uku da ke gaya wa kwanturola inda inji yake, alamarsa babur ya riƙa fizga ko ya ƙi tashi sai an tura. Idan fitila da oda suka mutu alhali babur na tafiya, a duba akwatin da ke sauke bolt 72 zuwa 12. Idan komai na kunne amma ya ƙi motsi, a fara duba ɗan makunnin da ke hannun birki kafin a kwance inji, domin ƙura takan maƙale shi.

Motocin taksi da na tasha masu zuwa Maradi ko Agadas ba yanzu ba. Batirinsu ya ninka na babur fiye da sau goma, kuma sai an jera wuraren caji mai sauri a hanya.

Muna roƙon magajin gari ya ware filaye kusa da kasuwanni da tashoshi don rumfunan caji, a kuma sa ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu cikin shawarar tun farko. Hukumar duwan, idan za a yi rangwame, a yi shi ga batir LFP da kayan gyara, kuma duk mai shigo da babura a tilasta masa kawo kwanturola, caja da allon BMS na canji tare da garanti a rubuce. A nemi kamfanoni su daidaita bolt da bakin batir, don kada wanda ya sayi babur ɗin wani kamfani ya zama bawansa har abada. Cibiyoyin koyon sana'a su fara koya wa yaran gareji aiki da na'urar awon wuta, domin bolt 72 ya isa ya illata mutum, kuma sufana ɗaya da ta haɗa kawunan batir tana narkewa nan take. Mataccen batir kuma, na dalma ko na litiyom, a wajabta wa mai sayarwa ya karɓe shi, kada ya ƙare a bola ko a hannun masu narka dalma cikin unguwa.

Wassalam.

Daga wasu makanikan babura da masu haɗa wutar sola,
Damagaram, Jamhuriyar Nijar.