Akuyar kwali da motar da nake son saya

Zariya, daren Laraba.

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya kuma sanyin Cape Town? Mu nan ruwan Agusta ya sa mu gaba, katangar bayan gidan Kawu ta sake zubewa, daidai wurin da ka ce ya sa siminti ya ƙi. Wata huɗu ke nan rabona da jin muryarka. Ranar Juma'a na je gaida Inna, ta tambaye ni kai har sau biyu. Na ce karatu ne ya riƙe ka. Ta ce karatun da zai hana mutum kiran uwarsa, to a bincika, da mace a ciki. Ni dai na isar da saƙo, kai da ita.

Amma abin da ya hana ni barci har na ɗauki biro shi ne, mun yi wasan! Ranar Asabar, a filin makarantarmu, gaban yara da iyayensu. Akuyar nan da na turo maka hoton ƙashin bayanta ta tashi ta yi tafiya. Da kwalin taliya muka yi kan, haƙarƙarin da karan dawa, muka lulluɓe ta da ƙyallayen da tela ya tara mana. Yara uku 'yan aji biyar ne suka riƙe ta, ɗaya kai, ɗaya ƙirji da ƙafafun gaba, ɗaya baya da wutsiya. Sati uku ina hana su tafiya da ita. Na ce ku tsaya wuri ɗaya, ku sa ta numfashi kawai, ƙirji ya ɗaga ya sauka. Sun gaji da ni sosai. To ranar wasan, da ta fito ta tsaya tana numfashi, ta ɗan karkata kai kamar ta ji motsi, sai filin ya yi tsit. Wata 'yar aji ɗaya ta taso daga kan tabarma, ta kwance bakin ɗankwalinta, ta miƙa wa akuyar gyaɗa. Ga yaran uku nan tana ganinsu ƙuru-ƙuru, ɗaya ma yayanta ne, amma akuyar take kallo. Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Kai ne silar duk wannan, ko ka manta? Bidiyon dokin nan da ka turo min bara ka ce mutanen garinku ne suka ƙera shi. Garinku! Shekara biyu kacal har ka zama ɗan gari. Tun daga ranar na shiga bin diddigin kamfanin, Handspring, masu ƙera 'yan tsana suna wasan kwaikwayo da su, duk datar da na saya a kansu take ƙarewa. Abin da ya kama ni ba dokin ba ne ma, mafarinsu ne.

A 1981 suka kafa shi nan inda kake. Su huɗu ne, Adrian Kohler da Basil Jones da Jill Joubert da Jon Weinberg, dukkansu sun fito daga makarantar zane ta Michaelis, wadda take ƙarƙashin jami'ar da kake ciki. Shi Kohler a gida ya sha abin, mahaifiyarsa tana ƙera 'yan tsana tana wasa da su. Kafin su kafa kamfanin, shi da Jones sun yi zaman aiki a Botswana, Kohler yana harkar wasan kwaikwayo na wayar da kan jama'a, Jones yana gidan adana kayan tarihi na ƙasar. Da suka dawo gida ba wani babban zaure suka nufa ba. Mota suka samu, suka gyara ta yadda za ta ɗauki kayan wasa su ma su kwana a ciki, suka shiga bin makarantu. Wasansu na farko sunansa The Honey Trail. Su ƙera, su loda, su tuƙa, su sauke, su kafa dandali, su yi wa yara wasa, su kwashe, gobe wani gari. Kusan shekara biyar suna wannan. Ka san halin yara, ba su iya kara ba. In wasa bai yi musu ba, nan take za su fara tsokanar juna, wani ya ce zai je fitsari. Ina ganin duk gwanintar da duniya ta zo tana yi musu tafi a kai daga baya, a gaban waɗannan 'yan makaranta aka gasa ta.

Sai 1985, gwamnatin wariyar launin fata ta kafa dokar ta-ɓaci, shiga makarantu ya gagara. Kasuwarsu kaf ta tsaya. Nan ne nake yawan tsayawa in yi tunani, don mu ma mun san yadda ake rufe makaranta dare ɗaya saboda tsaro, malami ya wayi gari ba yara. Su ba su watse ba. A shekarar suka yi wasansu na farko na manya, Episodes of an Easter Rising, a 1986 kuma suka koma Johannesburg suna yi wa talabijin shirye-shiryen yara don su ci abinci. Can suka haɗu da mai zanen nan William Kentridge, suka yi Woyzeck on the Highveld a 1992, daga nan ƙasashen waje suka fara kiransu.

Wanda na fi so duk cikin ayyukansu shi ne Tall Horse na 2004, da suka haɗa hannu da ƙungiyar Sogolon ta Yaya Coulibaly daga Bamako. Labarin raƙumar dawa ce da aka kamo a Sudan, mai mulkin Masar ya aika wa sarkin Faransa kyauta, aka taka da ita a ƙasa daga Marseille har Paris a 1827. Ka ga mutanen Mali da gadon wasan 'yan tsana na kaka da kakanni, ga na Afirka ta Kudu da dabarun ƙira, aka zuba a tukunya ɗaya. Sai dokin naka ya biyo baya, War Horse, a babban gidan wasa na ƙasa a Landan, 2007. Mutum uku ke riƙe shi, daga nan na ɗauko tsarin akuyata. Ka lura da kunnuwansa kuwa? Da hannun birkin keke ake motsa su. Jiya na je wurin mai facin bakin kasuwa na sayi tsofaffi guda biyu, yana ta tambayata ina keken. A 2021 kuma su suka ƙera Amal, 'yar tsanar yarinya 'yar gudun hijira daga Siriya mai tsawon mita 3.5, wadda aka zaga da ita kilomita 8,000 daga Gaziantep ta Turkiyya zuwa Manchester. Har yau dai hanya ce da yara, kamar farkon.

To ga damuwata. A watan gobe zan kwashi adashe. Maman yara ta sa ran za a yi rufin ɗakin baya, kuma tana da gaskiya, yoyo yake yi. Ni kuma akwai wata tsohuwar a-kori-kura da makanikin layinmu yake son sayarwa, inji lafiya, jiki ne ya sha wuya. Ina so in sa mata rumfa da akwatuna, duk Asabar in ɗauki yara shida da akuya mu bi makarantun ƙauyukan da ke kewaye da mu, wajen Giwa da Soba. Yaran can da yawansu ba su taɓa ganin wasa a gabansu ba in ba tashe da azumi ba. Mun yi maganar har sau uku ni da ita. Ta ce ita ba ta ƙi ba, amma wa zai sayi mai, kuma iyayen wa za su ba ni 'ya'yansu in hau hanya da su a wannan zamani? Ban da amsar ta biyun tukuna, kuma ita ce take ci mini rai. Na yi tunanin in fara da makarantun cikin gari kawai, inda za a je a dawo kafin azahar.

Akwai kuma wani uba da ya zo bayan wasan, cikin mutunci, ya ce shi zuciyarsa ba ta kwanta da mutum-mutumi ba. Ban yi masa gardama ba, na ce mu je wurin Liman. Liman ya saurare mu, ya kawo hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da 'yan tsananta har da doki mai fukafukai, ya ce abin wasan yara malamai da yawa sun yi sauƙi a kai, amma in kula da abin da nake koya musu da shi. Uban ya ce zai yi tunani. Ɗansa ne mai riƙe wutsiya, kuma duk cikinsu ya fi kowa natsuwa. Kaka ma da ta ji labari cewa ta yi ai ba sabon abu ba ne, suna yara masu dabo kan zo kasuwa da 'yan tsanansu a cikin rumfar zane, su sa su magana da siririyar murya. Na zauna da ita har isha'i tana ba ni labari, na ɗauka a waya.

Af, autanku ya samu gurbin karatu, ya ce kar in gaya maka shi zai faɗa da bakinsa, saboda haka in ya kira ka yi mamaki. Mai shayinmu ya ƙara aure, ya kuma ƙara kuɗin shayi a sati ɗaya. Bashinka na kofi biyu yana nan a littafinsa, ya ce ko da digiri uku ka dawo sai ka biya.

Akwai abin da na zauna musamman don in roƙe ka, game da makarantar Michaelis ɗin nan, ga shi har an ɗauke wuta ina ƙarasawa da fitilar waya. Zan turo maka ta murya gobe in Allah ya kai mu. Yanzu yaran suna so mu yi raƙumi, mai riƙe kai ya riga ya zana shi a bayan littafin lissafinsa, na rasa ta inda wuyan zai tsaya da karan dawa. In ka ga irin sandar da suke lanƙwasawa a can, tambayar min sunanta.

Maman yara tana gaishe ka. Ka kira Inna.

Naka har kullum,
abokinka.